Takun Ummita

Shekara tara muna haya a Kurna,
Ciki da falo, mu shida muke kwana,
Kwanon rufi ya gasa mu in da rana,
Mai gida ya sake ƙara kuɗi bana,
Ya ce in ba mu iya ba, ga ƙofar fita.

Lantana ce ta kwaso adashi,
Na sai da babur, na bi masu bashi,
Muka zube su kan tabarma, ga shi:
Miliyan uku da rabi, nan iyakarshi,
A birni wannan ko kango bai kusanta.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa,
Na ce mu gangara Kura, wajen Kadawa,
Can manomi ke neman irina da gaggawa.
Lantana ta ce, "Ko'ina ni mai zuwa,
Sharaɗi ɗaya: kusa da makaranta."

Dillali Barau, baki kamar zuma,
Ya kai ni gida na fari, mai girma,
Zaure da turke, ga filin noma.
"Makaranta fa?" Ya ce, "Akwai ta ma,
Rafi kawai za a haye a cim mata."

Rafin busasshe, yashi ne a idona,
Wata mai fura ta tsaya gabana,
Ta ce, "Bawan Allah, dawo da damina,
Wata biyu cur yaranmu sai su zauna,
Abin da suka koya duk su manta."

Na biyu a bakin kwalta, ginin bulo,
Ga fenti shuɗi, ga tayil a falo,
Makarantar kuɗi da suna a allo.
Da na ji farashi sai na koma kallo,
Wani abu ya kaɗa mini hanta.

Na uku da araha, makaranta a gefe,
Na saci jiki na dawo Litinin da safe,
Na jira gindin maina a buga ƙarfe,
Hantsi ya dubi ludayi, aji a rufe,
Awaki ne kaɗai suka zo bita.

Asabar shida na kashe a kan hanya,
Kuɗin gida na zurarewa a tafiya,
Barau ya daina ɗaga mini waya.
Sai ga kiran gyara gun Malam Iliya,
Inji ya ƙi tashi, albasa na cikin bukata.

Ina kwance fulogi, hannu duk baƙin mai,
Jikarsa ta kawo ruwa, 'yar shekara bakwai,
Ta duƙa kan rubutun jikin inji, a hankali dai,
Baƙi bayan baƙi, ta haɗa su sosai,
Abin da na shekara ashirin ina kasawa, ta karanta.

"Wa ya koya miki?" Ta ce, "Malama Dije,"
Ta nuna gini marar fenti a waje.
Na wanke hannu, na ce sai na je.
Benci bai isa ba, wasu a tabarma aka aje,
Amma duk abin da ta faɗa sun rubuta.

"Gidan ƙanena na nan," in ji tsoho, "sai gyara,
Ya koma Fatakwal, azara ta sha gara,
Katangar gabas ta zube tun bara,
Akwai mangwaro da rijiya, da fili don yara,
Ban ɓoye maka ba, a kan yi sati ba wuta."

Muka zauna, mai unguwa ne shaida,
Albarka, albarka, har dai ya yarda,
Uku da ɗari biyu muka sa a takarda,
Saura ya tafi a kwano da simintin gida,
Ko na goro bai rage ba a rigata.

Lantana ta hangi rana ta rufin ɗaki,
Ta yi shiru, na zaci za ta ja tsaki,
Sai ƙarfen tashi ya kaɗa, ta riƙe baki:
"Daga nan ake ji? To, a kama aiki,
Miƙo min tsintsiya," in ji matata.

Ba da mota na auna ba, ba da ƙafata,
Auta na sa gaba, ina bin bayanta,
Har da tsayawa ta gyara silifa nata,
Ɗari huɗu da goma, takun Ummita,
Daga bakin zaurenmu zuwa makaranta.